Masu Kwance wa Doki Gudu

Ranar hawan sallah a Kazaure idanun jama'a kan alkyabba da rawani suke, da kwalliyar da aka zuba wa dawaki tun daga goshi har gindin wutsiya. Ni kuwa tun da na yi wayo ƙafafun dawakin nake kallo. A wata sallar layya na tsura wa wani akawal ido, yana tsaye kusa da ƙofar fada ɗauke da wani basarake mai jiki. 'Yan bindiga suka saki albarushi dab da shi har ƙasa ta amsa, kakaki ya tashi, yara suka kwasa a guje ta gabansa. Kunne ɗaya kawai ya juya. Wani dattijo da ke tsaye a gefen likkafar ubangidansa ya lura da kallon da nake yi, sai ya ce, "Ɗana, wannan da kake gani, shekara uku baya sai mutum biyu sun riƙe shi kafin yaro ya hau. Dokin sukuwa ne."

Na ce, "Baba, wa ya mai da shi haka?"

Ya shafa wuyan dokin, bai ce komai ba, aka ci gaba da hawa.

Tun daga ranar na shiga bin gidajen masu dawaki, ina zama a bakin turke ina kallo ina tambaya. A cikin duk gwanintar da ke tattare da doki, ban ga wadda ta kai ta mutumin da zai karɓi dabbar da aka raina don gudu, wadda jikinta da tunaninta duk gudu ne, ya kwance mata gudun nan a hankali ya ɗora mata wata rayuwa ba. Mai horar da duƙushi sabon allo aka ba shi. Wannan kuwa allo aka miƙo masa cike da rubutun wani, dole ya wanke shi tukuna, kuma kada ya fasa allon.

Ƙasar nan da doki aka san ta. Ibrahim Ɗantunku ya kafa masarautar Kazaure a wajejen 1819, ɗansa Dambo ya zaunar da ita a garin Kazaure, kuma a wancan zamani ƙarfin sarki a yawan mahayansa ake auna shi. Yaƙi ya wuce, doki bai wuce ba. Har yau hakimai daga ƙasar Roni da Gwiwa da 'Yankwashi da tawagar mahaya suke shigowa gaisuwar sallah. Babura, wadda ke ƙarƙashin masarautar Ringim, ba ta da nisa da iyakar Nijar, kuma duk wanda ke neman doki a wannan sashe ya san kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. Masu sukuwa suna kasa dawaki aji-aji, da ɗan Arewa da Talon da ɗan Sudan mai dogayen ƙafafu, ana kai su filayen tsere na Kano da Katsina da Sakkwato, har a tsallaka Maradi da Damagaram da Yamai.

Lissafin da ya wajabta aikin da nake magana a kai ba shi da wuya. Doki in ya samu kulawa yakan kai shekara 25 zuwa 30. Ƙarfin gudunsa kuwa na ɗan lokaci ne. Da wuya ka ga wanda ya haura shekara goma yana cin tsere, da yawa ma tun kafin nan jijiyar ƙafa ko gwiwa ta sauke su. Ke nan ranar da mai shi ya ce ya gama, dokin yana da sauran rabin rayuwarsa ko fiye. Ina zai yi ta? Mai rabo yakan faɗa hannun mai barga. Wanda ba shi da rabo yakan bi dillali kasuwa, daga nan babbar mota ta kwashe shi zuwa kudu, irin kasuwar Obollo-Afor ta jihar Inugu, inda ake yanka doki don nama.

Ba mu kaɗai muka san wannan ɗaci ba. A Amurka an yi wani doki mai suna Ferdinand da ya ci tseren Dabi na Kentaki a 1986, tseren da ya fi kowanne suna a ƙasar. A 1994 aka sayar da shi zuwa Japan don barbara. Da kasuwarsa ta faɗi sai aka yi ta mai da shi hannu zuwa hannu, daga bisani labari ya fito cewa a mayanka ya ƙare a 2002. Abin ya girgiza mutane. A 2003 wani tsohon ɗan jarida, Michael Blowen, ya kafa gonar da ake kira Old Friends a Kentaki, inda tsofaffin zakarun tsere ke zaune har ajalinsu. A Ingila kuma tun 2000 masu harkar tsere suka kafa ƙungiyar Retraining of Racehorses don a riƙa koya wa dawakin da suka sauka daga fage wani aikin. Can aikin yana da suna da ofis da asusu. A wajenmu a bayan zaure ake yin sa, da turke da ragama da komin dusa, a hannun mutanen da suka gada daga iyayensu ko suka tashi a shamakin wani basarake.

Ranar da aka kawo doki, gwani ba ya hawansa, ko sirdi ba ya ɗora masa. Da asuba, kafin rana ta ɗumama jikin dabbar, zai durƙusa ya bi ƙafafun gaba da tafin hannu daga gwiwa zuwa kofato, yana gwama ta dama da ta hagu. Zafi yake nema da kumburi. A bayan ƙwaurin doki akwai jijiyoyin da ke karɓar nauyinsa duk sanda ya dira, kuma su sukuwa ta fi ci. Jijiyar da ta taɓa tsagewa takan bar tudu kamar an tanƙwara baka, tana kuma cin wata tara zuwa shekara guda kafin ta haɗe, ko ta haɗen ma ba ta komawa yadda take. Daga nan sai ya sa yaro ya ja dokin a ƙasa mai tauri, ya tafi da sassarfa ya dawo. Gwani yana sauraron ƙarar kofato kamar mai sauraron kiɗa, yana kuma kallon kai, domin dokin da ƙafar gabansa ke ciwo yakan ɗaga kai daidai lokacin da ƙafar ta taɓa ƙasa. Ɗingishin da ni da kai ba za mu gani ba, shi a taku uku ya kama shi.

Sai baki. Haƙoran gaba suna faɗin shekaru, ko da dillali ya faɗi wasu. Haƙoran tauna kuwa ba sa daina fitowa sai a tsufa, sukan yi kaifi a gefe su riƙa yankar kunci, doki ya rame alhali komi cike yake. Gefen leɓe da dasashi suna ba da labarin irin hannun da ya riƙa jan linzaminsa. Farin gashi a gadon bayan doki mai duhu tabon tsohon mikin sirdi ne. Har kashinsa sai an duba. In an ga ƙwayar dawa ta fito ɗungurungum, haƙori ne bai niƙa ba. Na taɓa ganin wani mai barga a wajen Babura ya ɗebi kashin doki ya dama a bokitin ruwa ya ajiye. Da ya tsiyaye, sai ga rairayi kwance a gindin bokitin. Ƙasarsu jigawa ce, dokin da ake zuba wa abinci a ƙasa yana haɗiye yashi kullum, yashin yana taruwa a hanji har wata rana ya kulle masa ciki. Shi ya sa a barga mai tsari ba ka ganin an watsa harawa a kan turɓaya.

Ciki shi ne yaƙin farko, kuma nan ne mai gaggawa ke yin asara. Shirya doki don tsere tsohon ilmi ne. A hadisi ma an ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi tsere a Madina, aka ba dawakin da aka shirya zango mai nisa, waɗanda ba a shirya ba aka ba su gajere. Dokin tsere ana ɗura masa hatsi, a rage masa ciyawa, don jikinsa ya tsuke ya ɗau wuta. Amma Allah bai halicci cikin doki don haka ba. Tumbinsa ƙarami ne, bai wuce ya ɗauki lita 8 zuwa 15 ba, kuma dare da rana yana fitar da ruwan tsami ko da abinci ko babu, domin dabba ce da aka yi ta don ta wuni tana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan. In aka bar tumbin wayam tsawon sa'o'i sannan aka cika shi da hatsi, ruwan tsamin nan sai ya ci bangonsa. Likitocin dabbobi sun sha tabbatar da cewa mafi yawan dawakin da ke cikin horon tsere suna ɗauke da gyambon ciki. Da yawa daga cikin dawakin da ake yi wa shaidar mugun hali, masu cizo in an zo ɗaure majayi, masu cizon turke da kaɗa kai dare da rana, ciwo ne ke cin su.

Maganin kuwa ba a kwalba yake ba. Gwani yana janye hatsin ne sannu a hankali, cikin mako biyu ko fiye, yana ƙara harawa da ingirici har ya zamana bakin dokin bai cika zama banza ba. Ba ya sauya abinci dare ɗaya, domin doki ba ya amai, abin da ya shiga sai dai ya wuce ta hanji, kuma sauyin gaggawa ne ke kawo murɗar cikin da ke kashe doki tsakanin magariba da asuba. Dokin da nauyinsa ya kai kilo 400 yana bukatar kimanin kilo 8 na busasshen abinci a rana, galibinsa ciyawa da harawa, sai dusa da ɗan hatsi gwargwadon aikin da yake yi, da gishiri da 'yar kanwa bisa awo. Ruwa kuwa a bazara yakan sha lita 40 ko 50. A watannin farko dokin yakan yi kamar ya lalace, naman tsere ya zube, ciki ya sauko, gashi ya dushe. Mai shi in ya zo dubawa hankalinsa yakan tashi. Mai barga ya san wannan rama hanya ce, ta nan ake bi a kai ga sabon jiki.

Wanda zai riƙe dawaki biyar ko goma irin waɗannan, dole ya zama manomi kuma ɗan kasuwa. Da kaka ake cin nasarar shekara. Lokacin da aka tuge gyaɗa aka roro wake, harawa tana arha, mai hankali sai ya saya ya ƙara a kan ta gonarsa, ya shanya ta bushe ƙayau, ya jibge a kan rufi ko a ɗakin da ba ya yoyo. Wanda ya yi sake har bazara, zai sayi dami ɗaya da kuɗin uku. Harawar da ta sha ruwa ta yi funfuna kuwa guba ce, gwani yana sansana dami kafin ya kwance. Taki ba ya tashi a banza, ana tara shi a kai gona, gona ta dawo da shi a matsayin dawa da harawa. Kowane yanayi da nasa ciwon kai. Da damina ga kaska, ga ƙudaje masu ɓata miki, ga wasu ƙananan ƙwari masu cizo da almuru waɗanda ke yaɗa annobar da ke kumbura wa doki kai ta cika masa huhu da ruwa, don haka ake turara hayaƙi a barga da yamma. Turken da ya jiƙe da fitsari yana ruɓar da ƙasan kofato, sai an riƙa kwashewa ana zuba busasshen yashi. Da hunturu ƙura ce ke kawo tari, a yayyafa wa ingirici ruwa kafin a ba shi. Kofato ana gyara shi duk bayan mako shida zuwa takwas, kuma wanda ya tsage daga sama yana neman kusan shekara kafin sabo ya sauko. Mai barga na gari ya san iyakarsa, in ƙusa ta soki doki a kofato ba ya tsayawa shafe-shafe, likitan dabbobi yake kira, saboda doki yana cikin dabbobin da cutar sandarewar jiki ta fi saurin kamawa ta irin wannan rauni.

Akwai kuma wani nauyi da Turawa suka sauke wa kansu mu ba mu sauke ba. Su galibi fiɗiye dokin suke yi in ya bar tsere, ya huce. Mu ingarma muke hawa. Jera maza biyar a wuri ɗaya, kowanne yana ji da kansa, sai wanda ya san wa zai maƙwabci wa, da tazarar da za a bari tsakanin turke da turke, da inda za a ajiye goɗiya don iska kada ta kawo ƙamshinta.

Duk wannan gyaran jiki ne. Gyaran tunani ya fi shi tsawo, kuma shi ya fi burge ni.

Ka tsaya ka duba abin da fage ya koya wa wannan dabba. Ya koya masa cewa in mahayi ya tattara linzami ya ja, gudu za a yi, domin dokin tsere jingina yake yi da bakinsa a hannun mahayi yana ƙara wuta. Ya koya masa cewa duk dokin da ke gabansa abin cimma ne a wuce. Ya koya masa cewa taron jama'a da ihu alamar tashi ce. Bai taɓa tsayawa cik an hau shi ba, yana tafiya ake cilla masa yaro. Bai san nauyin babban mutum ba, bai san doguwar likkafa da ƙafa tana taɓa haƙarƙarinsa ba. Yanzu kuma ana so ya shiga taron da ya fi na filin sukuwa hayaniya, a tsakiyar ɗaruruwan dawaki, ya yi taƙama a bayan wani, in an ja linzami ya tsaya. Duk abin da ya sani, kishiyarsa ake nema.

Jahili yana da gajeriyar hanya. Linzaminmu na gargajiya mai zobe yana da ƙarfin da zai durƙusar da kowane doki, in aka haɗa da ƙaimi da bulala za a samu tsayuwa a rana ɗaya. Amma tsayuwar tsoro ce, kuma ranar da tsoron bindiga ya fi tsoron linzami, dokin zai yi tabarya ko ya yi tutsu ya zubar da mahayi a cikin mutane. Gwani daga ƙasa yake farawa, da ragama kawai. Ya ja dokin su yi taku kaɗan, ya tsaya, ya yi masa wata 'yar murya da ba ya sauyawa. Dokin ya tsaya, nan take ya saki igiya. Sirrin duk yana cikin wannan sakin. Doki ba ya gane abin da ake so daga ja, daga sassautawar da ta biyo baya yake ganewa, kuma in ta makara da ƙiftawar ido biyu darasin ya wuce shi. Na ga wani dattijo a ƙasar Gwiwa ya kwashe kusan sa'a guda yana sa ƙafa a likkafa yana cirewa. Dokin ya motsa, ya mai da shi inda yake, ba tsawa ba duka. Ya sake. Da dokin ya tsaya cik har ya hau ya zauna, sai ya sauko ya kwance sirdi ya mai da shi turke. Yaronsa ya ce, "Baba, ba za a fita ba?" Ya ce, "Ya ba ni abin da na roƙa, me zan ƙara nema yau?"

Bayan tsayuwa sai tafiya, kuma tafiyar ce magani. Kilisar dokin da ake sake wa hali ba ta da armashi ga mai kallo, taƙama ce zalla, mako bayan mako, da sanyin safiya. Nan yanayin ƙasa yake shigowa. Mai doki a Roni ko a gefen duwatsun Kazaure yana da tudu da gangara, kuma hawan tudu a hankali yana gina cinya da gadon baya, ya koya wa dokin da ya saba zuba nauyinsa gaba ya riƙa tattaro ƙafafun baya ƙarƙashinsa. Sai dai tsakuwa tana cin kofato. Mai doki a rairayin Babura kofatonsa lafiya lau, amma zurfin yashi yana jan jijiya, don haka dokin da ke jinyar ƙafa ba a kai shi inda ƙafa ke nutsewa. Dabarar da kusan kowa ke amfani da ita ita ce tsohon doki mai sanyin hali. A sa shi gaba, sabon ya bi. Da farko zai yi ta cin linzami yana rawar jiki yana neman wucewa, gumi ya wanke shi kamar ya yi tsere. Ba a yi masa faɗa, a juya shi a zagaya a dawo da shi baya. Wata rana sai ka ga ya sauke wuya ya furzar da numfashi ya bi sawu. Ana kuma kiyaye doka guda, ba a taɓa sakin gudu a hanyar komawa gida.

Sannan a shigo da duniyar sallah ɗaya bayan ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda ke son hawa doki da ƙaramar sallah tun kafin azumi da watanni ya fara. A sa yaro ya riƙa buga ganga daga nesa lokacin da dokin ke cin dusa, gobe a matso kaɗan, jibi a ƙara. In ya daina tauna ya ƙame, an matso da yawa, a koma baya. Haka za a bi da algaita da kakaki da ƙarar bindiga da babur. Idanun doki a gefen kai suke, yana ganin kusan duk kewayensa amma ban da daidai bayansa, shi ya sa abin da ya ɓullo masa kwatsam daga baya ko daga sama ya fi firgita shi. To ga babbar riga tana kaɗawa, ga laima, ga jalala mai geza tana dukan cinya. Kowanne sai an nuna masa ya sansana, a shafa masa a wuya, a kafaɗa, kafin a ɗora. Nauyi ma a hankali ake ƙara shi. Masana suna cewa kada kayan da ke bayan doki, da mahayi da sirdi, su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa da yawa, kuma sirdinmu da adonsa ba abin wasa ba ne. Gwani ba ya ɗora wa siririn dokin tsere lifidi don mai shi yana so.

Jarrabawar ƙarshe ita ce jafi. A nan ake cewa da dokin da aka shekara ana kwance wa gudu, to yi gudu. Mahaya su jeru kafaɗa da kafaɗa, su saki linzami su nufi sarki a sukwane, jama'a na ihu, komai ya koma kamar ranar tsere. Sai kuma a 'yan taku kaɗan a ce tsaya, ya tattara ƙafafun baya ya yi zamiya, mahayi ya ɗaga hannu ya yi jinjina. Dokin da tsohon karatunsa bai wanku ba, a nan yake tonuwa, zai ga na kusa da shi ya ɗan gota shi, ya manta da wanda ke bayansa. Wanda ya wanku kuwa babu mai kama shi kyau, domin yana da tashin da dokin gida ba shi da shi, ga kuma tsayuwa. Ana gina wannan ne daga tsayuwar farko ta ragama, a yi ta a taƙama, a yi ta a sassarfa, a yi ta shi kaɗai, a yi da doki ɗaya a gefe, a riƙa sauya wurin tsayawa don kada ya haddace wuri maimakon ya saurari mahayi. Kuma bayan kowane gudu sai an tsayar da shi ya daɗe a tsaye har numfashinsa ya dawo. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake taƙama da su, aka yi ta yabon ado da tsari. Ni a ganina rabin wannan yabo na mutanen da ke bakin turke ne.

Ba kowane doki ne zai kai ga jafi ba, kuma sanin haka wani ɓangare ne na gwanintar. Zamiya tana cin gaɓoɓin baya da jijiya, wanda ya taɓa tsagewa ba a sa shi. Wani dokin taƙama kawai zai iya, ya ɗauki dattijo a ayari, ya yi hawan angonci. Wani mai ƙuruciya da saurin juyi ya fi dacewa da ƙwallon doki, wasan da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya dasa a ƙasar Hausa, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi fice a cikinsa, inda ake son dokin da zai tashi ya tsaya ya juya da hannu ɗaya. Wani asalinsa ne abin so, sai a bar shi don barbara. Wani kuma ya huce har yara su koyi hawa a kansa. Akwai wanda ba abin da ya rage masa sai hutu, haƙora sun cinye, sai an jiƙa masa dusa an daddatsa harawa. Mai barga na ƙwarai yana faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ke ƙafar doki ko da cinikin zai rushe, domin ya san in ya ɓoye, dokin ne zai biya.

Abin da ke ɓata wannan aiki na gan shi da idona, kuma yana ci mini rai. Na ga dokin da aka yi wa allurar kashe zafi aka mai da shi fage da ƙafar da ba ta haɗe ba, ya dawo a kan ƙafa uku. Na ga samari sun ari dokin da wani dattijo ya shekara yana lallaɓawa, suka wuni suna sukuwa da shi a kan kwalta, da yamma suka dawo da shi baki na jini, ya koma ba ya tsayawa a hau shi. Aikin shekara ya rushe a wuni guda.

Don haka roƙona ga masu dawakin sukuwa na Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, da sauran ƙasar Hausa, ku sauke doki tun ƙafarsa tana da sauran lafiya, ku ware wani abu daga abin da ya ciyo muku don harawar tsufansa, in kuma za ku rabu da shi ku faɗa wa mai karɓa duk ciwon da ya taɓa yi. Masarautu da ƙungiyoyin mahaya su nemo dattawan da suka iya wannan aiki su haɗa su da matasa da likitocin dabbobi tun suna raye. Kai kuma mai karatu, in Allah ya kai mu sallah mai zuwa ka ga doki tsaye cik ana harba bindiga a gefensa, ka nemi mutumin da ke tsaye kusa da likkafa ka gaishe shi, ka tambaye shi wata nawa ya ɗauka.